Ƙara batirin litiyam na biyu a kan sola: ja da ja, baƙi da baƙi, shi ke nan?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar masana nake nema. Ina da inbata mai 5kVA, fanel huɗu masu wat 550, da batirin litiyam guda ɗaya, 51.2V 100Ah, wanda na sa a 2023 bayan an cire tallafin mai, lokacin da shan man janareta ya gagare ni. Da sanyi ba ni da kuka. Amma tun da zafin nan ya shigo, fanka huɗu da firiza suna kwana a kunne, kafin kiran assalatu batir ya ƙare, inbata ta kama ihu, yara su farka cikin gumi. Jiya na ga wani batir a wani shago a cikin gari, an rubuta 48V 100Ah a jikinsa. Kamfaninsa daban da nawa, amma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Mai shagon ya ce ja da ja, baƙi da baƙi, an gama. Ina Unguwar Dosa a Kaduna. Haka abin yake?

Ɗan Kawo: Wa alaikumus salam. Haka ne mana. Siris, wato jan wannan da baƙin wancan a jere, shi ke ƙara bolt, faralel kuwa, wato ja da ja baƙi da baƙi, bolt yana nan inda yake, ajiyar ce ke ninkuwa. 100Ah biyu sun zama 200Ah. Ka saya kawai kafin dala ta sake motsawa.

Injiniya Kakuri: Baban Ummi, dakata tukuna, kada ka biya. Lissafin Ɗan Kawo daidai ne, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai cikin bayaninka: naka 51.2, wancan 48. Litiyam ɗin da muke sawa a gidaje, wato LiFePO4, kowane sel ɗinsa, wato ƙananan baturan da ke cikin akwatin, bolt 3.2 ne. Sel 16 a jere su ke ba da 51.2. Sel 15 su ke ba da 48 cif. Idan wancan mai 15 ne, ba za su zauna lafiya da naka ba.

Ga dalili. Sel ba ya son a wuce masa 3.65 wajen caji. Inbatarka yanzu tana kai naka wajen 56 ko sama kaɗan. Raba 56 gida 15, za ka samu 3.73 a kowane sel, an tsallake iyaka ke nan. BMS ɗin sabon, wato na'urar da ke cikin batir tana kare sel, zai riƙa yanke caji kullum don ya ceci sel ɗinsa, alhali an yi shi ne don ranar tsautsayi, ba don aikin yau da gobe ba. Idan kuma ka ce bari ka sauke cajin zuwa 53 don ka lallaɓa sabon, raba 53 gida 16, 3.31 ke nan, tsohon naka ba zai ƙara cika ba. Ko inbata a kashe take, mai 16 zai riƙa tura wuta cikin mai 15. Duk ta inda ka ɓullo, ɗaya yana cutuwa.

Baban Ummi: Ikon Allah. To Injiniya, ni da ba sana'ata ba, yaya zan gane mai 15 ne ko mai 16?

Injiniya Kakuri: Abu biyu. Ka duba takardar da ke manne a jikinsa. Idan ka ga 4.8kWh, mai 15 ne. Idan ka ga 5.12kWh, mai 16 ne, don wasu kamfanonin suna rubuta 48V a kwali a matsayin sunan kasuwa alhali cikinsa 16 ne. Na biyu kuma shi ya fi tabbas: ka sa a kunna shi a gabanka, ka danna maɓallin allonsa har ka kai shafin da yake jero bolt ɗin kowane sel, ka ƙirga da idonka. Kuma kada wani ya ɗauka mai 15 jabu ne. Pylontech, da ake ji da su a duniya, sel 15 suke sawa a US3000 da US5000. Kowanne daidai yake a gidansa, gwamawar ce ba a yi.

Alhaji Malali: Ni dai shawarata daban. Na yi shekaru da batirin tubula tun kafin a fara maganar litiyam a garin nan, kuma abin da na sani shi ne ba a haɗa sabo da tsoho. Tsohon ne zai jawo sabon ƙasa, wata shida ka rasa duka biyun. Baban Ummi, ka sayar da naka, ka cika kuɗi ka ɗauki babba guda ɗaya mai kilowat-awa 10, ka huta da ciwon kai.

Mai Sola Rigasa: Ranka ya daɗe, wannan dokar tubula ce, kuma a can gaskiya ce, musamman da yake su huɗu ake jerawa a siris kafin a samu 48, rago ɗaya a cikinsu ya isa ya kwantar da sauran. Litiyam a faralel ba haka yake ba. Kowanne yana da BMS ɗinsa, kowanne yana ba da gwargwadon abin da ke cikinsa. Batirin 2023 ai yaro ne, masu yin su suna cewa yana kai zagaye 6000 na caji. Na haɗa mai shekara biyu da sabo fil a gidaje da dama, ba wanda ya kira ni da ƙorafi. Kuma in ya ce zai sayar da na hannunsa, rabin kuɗi ma sai an yi ciniki.

Alhaji Malali: Zagaye 6000 ɗin a wace ƙasa? A takarda dai.

Injiniya Kakuri: Alhaji ya taɓo wani abu. Wannan adadin a ma'aunin zafi 25 suke gwada shi. Mu kuwa a Maris da Afrilu Kaduna tana dosar 40 a inuwa, balle a sito mai rufin kwano da ba taga. Zafi yana tsufar da litiyam da wuri. Amma a kan haɗa tsoho da sabo ina tare da Mai Sola. Akwai ma wata riba da Alhaji bai lissafa ba: in babban guda ɗaya ya samu matsala gidan ya shiga duhu gaba ɗaya, in biyu ne ka cire mai ciwon ka ci gaba da ɗayan. Sannan inbata mai wat 5000 in ta ɗauki cikakken lodi tana jan sama da amfiya 100 daga batir, yawancin BMS na 100Ah kuwa iyakarsa 100 ɗin ne. Su biyu kowa ya ɗauki hamsin, ba mai yin zafi.

Mai Sola Rigasa: Yau Injiniya ya yarda da ni, a rubuta. To bari in ƙara: kamfani daban ma ba komai ba ne in duka masu 16 ne. Ku masu karatu kuna tsorata mutane da yawa.

Injiniya Kakuri: Kada ka yi saurin rubutawa. Ta fuskar wuta za su yi aiki, ban musa ba. Amma me za ka yi da wayar sadarwa? Inbatar Baban Ummi in tana magana da batirinsa ta CAN ko RS485, batirin ne ke faɗa mata nawa za ta ba shi, yaushe za ta tsaya. In batura biyu na kamfani ɗaya ne, sai ka saita ƙananan makunnan nan na gaba, ɗaya ya zama shugaba, ɗaya mabiyi, ka haɗa su da 'yar waya, inbata ta gan su a matsayin 200Ah. In kamfani daban ne galibi ba sa jin yaren juna. Sai dai ka cire wayar, ka saita bolt da hannu, kason da inbata za ta riƙa nuna maka kuma ya zama kintace. Garanti ma ka yi masa bankwana, don duk wanda ka kai wa ƙara zai ce laifin ɗayan ne.

Mai Sola Rigasa: Rabin gidajen da ke da litiyam a Rigasa da hannu aka saita su, kuma suna kwana da wuta.

Injiniya Kakuri: Suna kwana. Ni dai mutumin da zai fitar da sama da miliyan ba zan ce masa ya je ya gwada sa'a ba, alhali irin nasa yana nan a kasuwa.

Maman Sadik: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da tawa, don ta yi kama da wannan. Ni ƙanƙara nake yi da zoɓo da kunun aya a Tudun Wada, firiza biyu. Bara na ƙara batir na biyu, kamfani ɗaya, girma ɗaya, duka 51.2, yaron da ya haɗa mini na farko shi ya haɗa. Amma duk asuba in na duba, na sama yana nuna wajen kashi 35, na ƙasa yana wajen kashi 70. Na kira shi ya ce haka suke yi. Haka suke yi ɗin?

Injiniya Kakuri: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki taimaka ki duba mana: manyan wayoyin nan biyu da suka fito daga inbata, ja da baƙa, a jikin wane batir aka ɗaure su?

Maman Sadik: Na duba. Duka biyun a kan na sama suke. Daga shi sai wasu wayoyi biyu suka sauka zuwa na ƙasa, kuma sun fi na inbatar siranta, har an naɗe ragowar an ɗaure da igiyar roba don sun yi tsawo.

Injiniya Kakuri: To ga shi nan. Wuta tana bin hanyar da ta fi mata sauƙi. Na sama yana bakin inbata, na ƙasa sai wutarsa ta ratsa siririyar waya mai tsawo da ƙarin noti huɗu kafin ta iso. A ido ba komai ba ne, amma shi kansa batirin turjiyar cikinsa 'yar kaɗan ce ƙwarai, saboda haka mita ɗaya ta waya tana iya karkatar da rabon. Na sama yana ta ɗaukar kaya, zai kuma riga ɗan'uwansa tsufa. Gyaran ba tsada. A bar jar wayar inbata a kan na sama, a mayar da baƙar kan na ƙasa. Wayoyin tsakaninsu a canza su da masu kauri irin na inbatar, gajeru, tsawonsu ɗaya. Haka kowanne zai ga tazara iri ɗaya.

Mai Sola Rigasa: Gyaran daidai ne, amma Hajiya kada ki gaskata lambar allon nan ɗari bisa ɗari. BMS ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita yake yi, kuma yana ɓata lissafi a hankali, musamman in lodi ƙarami ne. Ba ya dawowa daidai sai ranar da batir ya cika taf. Yaushe rabon da ki ga duka biyun a 100?

Maman Sadik: Na ƙasa yana kaiwa wani lokaci. Na sama kam na manta rabonsa.

Mai Sola Rigasa: To kin gani. Ki sa a zo da kilam-mita, mitar da ke auna amfiya, mai auna DC wato wutar batir, a maƙala a jar wayar kowanne da dare lokacin da firizojin ke aiki. In ɗaya yana ba da amfiya 12 ɗaya yana ba da 5, maganar Injiniya ce. In sun yi kusa, allon ne ke miki ƙarya. Ina zargin duka biyun ne ma.

Ɗan Panteka: Masu gida, in batir zai wuce biyu ku daina wannan ɗaure-ɗauren a kan juna, a sa basba. Sandar jan ƙarfe ce mai faɗi, biyu, ɗaya ta ja ɗaya ta baƙi, a huda ramuka, kowane batir ya kawo wayarsa tsawo ɗaya, inbata ta ɗauka daga nan. Muna yanka ta a nan, har da teburin ƙarfe da zai ɗaga batir daga ƙasa saboda ruwan damina. Sai dai ku kula da abin da ake sayar muku. Akwai wayar da alminiyam ce aka yi wa wankan jan ƙarfe. Ku kankare bakinta da wuƙa, in fari ya leƙo ku ajiye musu kayarsu. A hannu ma ba ta da nauyi.

Ɗan Kawo: Talla ce dai Ɗan Panteka ya shigo da ita ta bayan gida.

Ɗan Panteka: Ko a wurin wa za ka saya, ka kankare.

Injiniya Kakuri: Maganarsa gaskiya ce, araha ba ta ado. Ga mai amfiya 100 ni waya mai 35mm nake sawa, jan ƙarfe zalla, a matse kan wayar da abin matsewa na gaske, ba a buga da guduma a kan dutse ba. Noti mai kwance shi ne ke fara zafi, roba ta narke.

Sai babbar maganar da har yanzu ba wanda ya tayar: fis. Kowane batir da nasa, a kan jar waya, kusa da batirin. Ku yi tunani, in waya ta gajarce a cikin batir ɗaya, ko BMS ɗinsa ya ƙone a haɗe, ɗan'uwansa zai juye masa duk abin da yake da shi, kuma litiyam yana iya sakin dubban amfiya cikin ƙiftawar ido. Fis ɗaya da ke bakin inbata bai ma san ana yi ba, don wutar ba ta bi ta kansa ba. Mai 125A ya yi wa batir mai BMS 100. Irin fis ɗin da ake kira Class T shi ne aka fi yabo, in ba a samu ba a nemi NH wanda aka rubuta DC a jikinsa.

Baban Ummi: Nawa akwai bireka a jikinsa daga kamfani. Ba ta isa ba?

Mai Sola Rigasa: Ta isa. In akwai bireka a jiki ni ba na ƙara komai, ƙarin kuɗi ne kawai da ƙarin wurin da noti zai kwance.

Injiniya Kakuri: A nan mun rabu. In littafin batirin ya ce birekar ta isa a faralel, to. In bai ce ba, fis bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, abin da yake karewa kuma gida ne da mutane a ciki. Abin da ba zan lamunta ba ko kaɗan shi ne birekar wutar gida, ta AC, a kan layin batir, kuma ina ganinta a gidaje. Wutar AC tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, tartsatsin yana mutuwa da kansa. DC ba ta da wannan hutun. Birekar za ta buɗe, wutar ta ci gaba da tsallakawa a ciki har ta kama.

Mai Sola Rigasa: Wannan kam ba gardama.

Abban Hanan: Ina ta karatu shiru. Kowa yana maganar yadda za a haɗa, ba wanda ya tambayi da me za a cika. Baban Ummi fanel huɗu gare shi, wat 2200. A ce rana mai ƙarfi awa biyar, kilowat-awa 11 ke nan a takarda. Cire zafin fanel, cire ƙura, cire abin da ke salwanta a waya da inbata, da ƙyar ka tsira da 8. Da rana firiza tana ci, fanka tana ci, a tayar da ruwa, a yi guga. In rabi ya tafi nan, 4 ya rage wa batir. Guda ɗaya mai 5.12 ma da ƙyar, ina ga 10.24? Za ka kashe kuɗi ka sayi wurin ajiya babu abin ajiyewa. Kuma kamar yadda Mai Sola ya faɗa wa Hajiya, batirin da ba ya cika lissafinsa yana ɓacewa, sel ɗinsa ma ba sa samun daidaituwa, don yawancin BMS a saman caji suke wannan aikin.

Maman Sadik: Wallahi wannan ita ce tawa. Batir na ƙara, fanel ban ƙara ba.

Baban Ummi: Malam Abban Hanan, nawa yana cika fa. Yanzu wajen ƙarfe ɗaya na rana yake kaiwa 100, da rana ba kowa a gidan sai firiza.

Abban Hanan: To kana da rara, daga ɗaya zuwa huɗu rana tana tafiya a banza. Amma rarar ba za ta cika na biyu ba, ƙila rabinsa. Kuma wannan lissafin bazara ne. Ka tuna Agusta, a yi kwana uku hadari bai ɗaga ba. Ka tuna Disamba da Janairu in hazo ya sauko, ka share fanel da safe, la'asar ka rubuta sunanka a kai da yatsa. Ni a wurinka fanel biyu zuwa huɗu zan fara ƙarawa, kuɗinsu bai kama ƙafar na batir ba. Sai dai a duba iyakar bolt da inbatar ke karɓa daga fanel kafin a ƙara a jere.

Ɗan Kawo: Fanel ba ya aiki ƙarfe uku na dare. Matsalar mutumin nan dare ce. Ko fanel ashirin ya sa, batirin 5.12 ne dai zai kwana da shi. Sannan kun manta da wutar Nepa. In an kawo ta awa uku, batir biyu suna shan caji ninkin abin da ɗaya zai sha ba tare da an takura su ba.

Abban Hanan: In cajar inbatar ta kai. Da yawa masu 5kVA daga wutar layi amfiya 60 zuwa 80 suke bayarwa, ba ƙari. Kuma wutar ba kyauta ba ce. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta kai 'yan Band A, rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, ko da aka ɗan sassauta a shekarar bai sauko ƙasa da 200 ba. Ka saya a haka, ka zuba a batir, wani kaso ya salwanta wajen shiga da fita.

Ɗan Kawo: Duk da haka ya fi fetur sauƙi.

Alhaji Malali: Ya fi, ranar da akwai ta. Kun manta Oktoban 2024? An lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir da ake lallaɓawa da shi ya faɗi, Arewa ta yi sama da mako a duhu. A lokacin masu dogaro da layi su cika batir sun zauna da akwatuna masu tsada ba komai a ciki. Mai fanel da yawa shi unguwa ta riƙa kai wa cajin waya.

Injiniya Kakuri: Ɗan Kawo da Abban Hanan duk kuna da gaskiya, tambaya biyu ce daban. In batir yana cika da rana ya ƙare da dare, ajiya ce ta yi kaɗan. In ba ya cika, fanel ne. Baban Ummi yana rukunin farko yanzu, ranar da ya ƙara batir zai koma na biyu. Saboda haka ya yi kasafin duka biyun, ko da ba rana ɗaya ba. Kafin nan ma akwai na kyauta: firiza ta yi ta aiki da rana ta daskare, a kashe ta tsakar dare in ba kayan sayarwa ba ne a ciki. Fankar silin ta da tana cin wat 70 zuwa sama, masu DC na yanzu ba su kai rabin haka ba. Fanka huɗu awa goma, ku lissafa.

Baban Ummi: Na dawo daga shagon. Na sa an kunna, na ƙirga, 15 ne. An rubuta 4.8kWh. Ga wani abu kuma, ba kwali, gefen akwatin da kunnuwa masu ramin kusa kamar daga cikin wata durowar ƙarfe aka zaro shi, an kuma kankare wata lamba a baya.

Mai Sola Rigasa: Na turakun sadarwa ne wannan, su ne suka fi zuwa da 15. Wasu kamfanoni ne ke sauke su in sun tsufa a yi gwanjo, wasu kuwa Allah kaɗai ya san yadda suka baro inda suke. Lambar da aka kankare ta ishe ka amsa. Ko mai 16 ne ba zan taɓa shi ba, kada wata rana a zo har gida ana tambayarka rasit.

Baban Ummi: Na bar musu abinsu. Na kira inda na sayi nawa, suna da irinsa, sai dai sun ce sabon fitowa ne, allon ya canza. Zan ɗauke shi ƙarshen wata, fanel kuma bayan salla in Allah ya hore. Ranar haɗawa me zan sa wa ido? Ba na son in tsaya kamar baƙo a gidana.

Injiniya Kakuri: Tun kafin ka biya ka tura musu hoton takardar jikin naka, su tabbatar maka a rubuce cewa sabon yana magana da tsohon, don wani lokaci kamfani ɗaya ne amma an canza BMS.

Ranar aiki kuma, kada a sauke shi daga mota a ɗaure. Sabon batir yakan zo da caji wajen rabi, naka kuma ƙila a cike. Kamar tankunan ruwa biyu ne, ɗaya cike ɗaya rabi, ka haɗa su da ƙaton bututu a ƙasa: ruwan zai ruga da ƙarfi har sai sun daidaita. A ce duk turjiyar da ke tsakaninsu mili-om 20 ce, wato 'yar kaɗan ƙwarai, bambancin bolt 2 kacal zai tura amfiya 100. Saboda haka a cika naka, a kashe shi a cire, a sa sabon shi kaɗai a inbata ya cika, a bar su su huta, a auna da mita. In bambancin bai wuce 0.2 ba a haɗa.

Mai Sola Rigasa: Wannan aikin yini guda ne Injiniya. Ni aunawa nake, in sun yi kusa in haɗa, ko a rabi suke.

Injiniya Kakuri: A tsakiya bolt ɗin LiFePO4 kusan a kwance yake. Mai kashi 40 da mai kashi 70 za su nuna maka kusan lamba ɗaya a mita. Ba za a ga tartsatsi ba, na yarda, amma sun fara zama kowa da lissafinsa, sai an cika su tare kafin su daidaita. In mai gida yana da rana da haƙuri, a cika ɗin ya fi.

Mai Sola Rigasa: In ya biya kuɗin yini, ni me nawa.

Ɗan Panteka: Wanda zai ɗaure notin ya cire zoben azurfa da agogo, ya naɗe sifanarsa da tef har wuya. Na ga sifanar da ta faɗa tsakanin kan ja da kan baƙi na batir, rabin bakinta ya narke.

Injiniya Kakuri: Kuma batura a kashe ake ɗaurewa, a duba ja da baƙi da mita, ba da launin waya ba. Wajen kunnawa a bi yadda littafin ya tsara, shugaba da mabiyi, sannan inbata. A shiga saitinta a tabbatar tana ganin 200Ah. A bar tazarar tafin hannu tsakaninsu don iska. Bayan mako a sake bin notin duka, a taɓa kawunan wayoyin lokacin da lodi ya yi nauyi, wanda ya fi sauran ɗumi shi ne bai ɗauru ba. Wayar sadarwar a sa ta cikin bututu saboda ɓera.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri, ya ƙara sani. Na kwafe duka.

Maman Sadik: Ni ma an zo da mitar jiya da dare. Na sama 13, na ƙasa 6. Yau da safe an mayar da baƙar wayar ƙasa an canza na tsakiyar, yanzu 10 da 9. Amma allon har yanzu 41 da 68 yake nunawa.

Mai Sola Rigasa: Ba zai gyaru yau ba Hajiya. Ki zaɓi ranar da ba ki da oda da yawa, ki kashe firiza ɗaya tun safe, ki bar su su kai 100 tare su ɗan jima a can. Fanel nawa ne a rufin?

Maman Sadik: Shida, amma masu wat 300 ne, tun na farko.

Abban Hanan: 1800 ke nan a kan firiza biyu da batir mai kilowat-awa 10. Hajiya, turo mana hoton takardar gefen inbatar, wurin da aka rubuta PV, mu ga nawa za ta iya ɗauka kafin ki sayi ko guda.